Notin da Ya Fito da Baba

Tun safe nake fama da wani noti da tsatsa ta cinye, a ƙafar motar wani direban garin Ngong da ya kawo canjin boris, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Na zuba mai, na gasa shi da wuta, ya ƙi motsi.

Sai ga Baba da sandarsa. Rabonsa da garejinmu na Garwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

Ya ce, "Miƙo sifana. Mu ƙara ɗaure shi tukuna, tsatsar ta fashe."

Na ce, "Baba, hannunka fa?"

Ya ce, "Ɗayan ai yana nan."

Ya ɗora hannunsa kan nawa, muka danna tare. Notin ya yi ƙara, ya saki.

Direban ya tambayi ko wane ne wannan tsoho. Na ɗaga murya na ce mahaifina ne.

Ku fa, wa ya fara riƙe muku hannu a sana'a?