Burodin Yaya Bashir

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bashir, kuma har yau ban samu wanda zan yi musu da shi a kan burodi ba.

A Jidda aka haife mu; kakanmu ne ya zo aikin Hajji bai koma ba. A unguwarmu Sharafiyya kowa aish yake ce wa burodi, wato rayuwa, mu ma haka muka taso. Yaya ne kawai ya kafe a kan burodi. Ya daɗe yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa, inda ya ji Bajamushe na cewa Brot, ɗan Holan brood, ɗan Siwidin bröd, Baturen Ingila bread. Ranar da ya gane burodinmu ɗan dangin nan ne, ya shigo gida baki har kunne. Wai kalmar nan ma takari ce irinmu: ta baro garinsu, ta sake kama a bakin wasu, amma ba ta ɓace ba.

Na sha yi masa tsiya cewa Hausar da yake karewa ta Bature ce. Sai ya ce, "Hadiza, aro ce, amma da ita kakanmu ya iso."

Yanzu muna unguwar Safa. 'Ya'yana suna jin Hausa, su amsa da Larabci. Ina kewar Yaya ƙwarai, domin tun da ya tafi harshen ke janyewa daga gidana, ni kuma ban gaji kafiyarsa ba. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ji mu.

Kwanan nan 'yata Samira ta bincika asalin kalmar a waya. Ashe masana sun rabu: wasu sun danganta ta da tashin ƙullu, wasu sun ce da can ɗan abin da aka ɓalla daga babba take nufi. Da Larabci ta bayyana mini. Na ce ta faɗa da Hausa.

Ta ce, "Ummi, yaya ake cewa... wanda aka ɓalla?"

"Gutsure."

"Gusure," in ji ta.

Yaya bai bar gida ko fili ba; abin da ya bari shi ne wannan kunnen nawa da ya ji harafin da ya faɗi. Da shi ne, ba za ta tashi ba sai ta faɗa daidai. Ni kuwa cewa na yi, "Haka ne," don tsoron in na gyara mata, gobe ko gwadawa ba za ta yi ba.