Injiniyan da Ya Ƙi Bar wa Na'ura Hukuncin Rai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan nan, babbar 'yarka ta kira ni a waya ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Ina cikin ɗakin gilashin da mu tafintoci muke zama, ina shirin aiki. Na cire abin sauraro daga kunnena.

Injiniya, shekara goma sha ɗaya ina fassara maganarka a taron ƙasashe kan makaman da ke harbi da kansu. Da ƙuruciyarka kai ma ƙera su kake yi. Ka ba ni labarin ranar da wani jirgi marar matuƙi, mai ɗauke da kyamarar da ka haɗa, ya ɗauki makiyaya bakwai a bakin rijiya a matsayin mayaƙa, ya harbe su. Da aka nemi wanda ya ba da umarni, aka rasa. A makon ka ajiye aiki. Tun daga nan buƙatarka ɗaya ce: a rubuta a yarjejeniya cewa wajibi ne mutum, mai suna da fuska, ya ɗauki alhakin kowane harbi.

Wakilan manyan ƙasashe suna kiranka ɗan taurin kai. Mu kuwa mun san ka da kirki. In ka ji muryata ta dushe, sai ka sassauta magana har in kurɓi ruwa. Kakan leƙo ɗakinmu da shayi, ka ce, "Ɗan'uwa, yau ma ka gyara min ɓarnata?" Ranar da mahaifiyata ta rasu ana tsakiyar muhawara, kai ka kai ni filin jirgi da motarka, ka koma ka yi jawabi da guntun harshen taron da ka iya, ana dariya kana dariya.

Makon jiya na same ka a asibiti, numfashi yana yi maka wuya. Ka ce in karanta maka sabon daftarin yarjejeniyar. Na so in ɓoye maka abin da ke ciki, na kasa. An cire "wajibi ne", an sa "ya kamata". Ka kalli rufin ɗaki, ka ce, "To, ku koma ku sake roƙonsu. Ni na gaji."

Ban taɓa jin ka ce ka gaji ba sai ranar. Har yau ba a sa hannu a yarjejeniyar ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka, wadda ta jure tafiye-tafiyenka, da 'ya'yanka mata uku, da jikanka da ka tafi ba ka ga sunansa ba. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Injiniya, Ya yafe maka abin da ka daɗe kana neman gafararsa, Ya sa ka huta. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.