Ranar da Na Kama Sunan Baba

An cire ni daga makaranta ina aji huɗu saboda na amsa tambaya daidai, kuma har yau ban ce na huce ba.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce. Malam Isiyaku, wanda aka turo ƙauyenmu na bayan Fagam daga Birnin Kudu, ya gaji da Turancinmu na bebaye: mu rubuta a allo tsaf, a ce mu faɗa, baki ya ɗaure. Sai ya ƙirƙiro wasan asibiti a gindin tsamiya. Benci ya zama gado, kwalbar tawada ta zama magani, Ladi mai dogon wuya ta zama nas, ni ce mara lafiya. "Duk wanda Hausa ta suɓuce masa ya mutu, a fitar da gawa," in ji shi. Ni kuwa ban taɓa mutuwa ba. Ina surfe ina maimaitawa, ina kora awaki ina kai musu ƙarar ciwon kaina da Turanci.

Bayan girbin gero aka gayyaci iyaye kallo. Baba ya zo da rigarsa ta Juma'a, ya zauna tabarmar gaba kusa da liman. Nas ta tambayi sunana, na faɗa. Ta tambayi inda ke mini ciwo, na faɗa. Sai Malam, don ya nuna ba haddar aku muka yi ba, ya jefo tambayar da ba ta cikin wasan: yaya sunan mahaifinki? A gidanmu ko Inna ba ta kama sunan nan, a rajista ma sunan gari aka liƙa mini. Amma bakina ya riga ya saba da gudu. Na faɗe shi gatsal, da ƙarfi. Mutanen ba su jin Turanci, sunan kaɗai suka ji.

Baba bai dake ni ba. Ya miƙe, ya karkaɗe riga ya ce, "Malam, mun ga karatun. Ya isa haka." Malam ya bi shi har zaure yana ba da haƙuri. Inna na tsaye bayan danga tana kallonsu.

Sai da na aurar da 'ya'ya biyu na sake zama kan benci, a ajin yaƙi da jahilci. Yau jikokina na rangaɗa sunan ubansu a taron makaranta, ana tafa musu. Ni kuwa washegarin wasan nan allona na ɗauka, na jingine a ƙofar aji tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, na bi Inna roron wake.