Fatar Kujerar da Na Cire

A shekarata ta huɗu ina tuƙi a wani gida da ke unguwar Malaz, can ƙasar Larabawa, na kamu da son kallon tsofaffin motoci a talabijin. Ba da kaina na kamu ba, shafa mini aka yi. Wanda ya shafa mini wani dattijo ne bakanike, mutumin Damagaram, da ke zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Al-Oud. Juma'a ce ranar hutuna, don haka da an sauko daga masallaci sai in bi shi mu ci shinkafa da kaza, ya ɗora shayi, ya kunna talabijin ɗinsa da ke ɗore kan akwatin kayan aiki. Ni Bakano ne, shi Badamagare, saboda haka ko da ya haife ni a shekaru, ba ma rabuwa ba mu tsokani juna ba.

Akwai wata tasha da ba ta da aiki sai motoci. Turawa ne ke magana, an ɗora muryar Larabci a kai, ni kuwa na fi shi jin Larabcin, sai na zama tafintansa. Wani lokaci su nuno motocin nan na masu hannu da shuni, gajeru kamar za su lashi kwalta, ƙofofinsu na ɗagawa sama kamar zakara zai yi cara. Waɗannan ba su dame shi ba. Yakan taɓe baki ya ce in aka kai ɗaya garinsu, ramin farko zai raba ta da cikinta. Amma da an nuno wata tsohuwa da aka jawo daga rumbun wani manomi, duk ta yi tsatsa, kaji sun yi ƙwai a ciki, sai ya ajiye kofin shayi. In aka zo tayar da ita yakan rufe ido, ya ce in yi shiru, shi da kunne yake kallo.

Ni abin da ya riƙe ni daban ne. Mamaki ne. A inda na taso, tsohuwar mota alamar rashi ce, ba wanda ke hawanta don yana so. To me zai sa mutumin da zai iya sayen sabuwa fil ya ɓata shekara biyu yana kankare gawar mota? Na yi ta juya tambayar nan, har na ba kaina amsa. Na lura yawancin shirye-shiryen ƙarshensu ɗaya ne: a yi fenti, a sake kujeru, a goge ta tana walƙiya, a yaye mayafi, mai ita ya riƙe baki yana hawaye. Na ce ashe abin ke nan, a mai da tsohuwa amarya. Na kuwa ji a raina na gama gane Turawa da duk wani mai son tsohuwar mota.

Maigidana, wanda shi ne kafil ɗina, wato wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar, dattijo ne Balarabe da ya yi ritaya, mai sanyin hali. Baba nake kiran sa, kamar yadda direbobin gida ke kiran iyayen gidansu. A garejin baya akwai wata doguwar mota lulluɓe da tamfol. Ta mahaifinsa ce, marigayi. Tunda na zo ban taɓa ganin ta motsa ba, sai dai wani lokaci in ga ya shiga garejin ya jima ya fito. Da za a kai shi waje a yi masa aikin gwiwa, na mako uku, sai ya kira ni ya miƙo mini makulli.

“Ya waladi, ɗana,” ya ce, “ina so in dawo in ji muryarta. Ka nemo wanda ya san irinta. Amma shuwayya shuwayya, a bi ta a hankali.”

Na ce, “In sha Allahu, Baba, ina da mutumin.”

Ranar da dattijon Damagaram ya yaye tamfol ɗin nan, ya yi tsaye ya fi minti biyar yana kallon motar. Daga nan ya yi bisimilla ya buɗe gabanta. Yamma huɗu ya yi yana zuwa bayan ya tashi daga garejin da yake aiki. Ya zubar da tsohon man da ya dafe a tanki, ya wanke kafireta, ya sake robobin ruwa da bel, ya canza fulogai, waɗanda shi yake kira buji, ni kuma ina yi masa dariya. A yamma ta huɗu ya ce in murza makulli. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, sannan ta ɗauka da wata murya mai kauri da na ji har cikin ƙirjina.

“To Bakano,” ya ce yana goge hannu, “khalas. Abin da aka ce mu yi mun yi.”

Da na tsaya nan da na huta. Amma ina zaune a kujerar direba, ita kuwa kujerar nan ba kyan gani. Fatar ta tsage a wurare, ta yi baƙi inda ƙeya ke taɓawa, ta lotsa ta gefen hagu har mutum yakan karkace in ya zauna. A gefenta akwai wani dogon karce kamar an ja ƙusa. Sauran kujerun lafiya lau, ita kaɗai ta ɓata motar. Nan take na hango Baba ya buɗe ƙofa ya ga sabuwar fata, ya riƙe baki kamar mutanen talabijin.

Na faɗa wa dattijon. Ya dube ni ya ce, “An sa ka?”

“Ba a sa ni ba. Kyautatawa ce. Ku Damagarawa ina kuka san kwalliya?”

“Mu dai abin da aka aike mu shi muke sayowa,” in ji shi. Amma ya taimaka mini muka kwance kujerar, muka kai wa masu ɗinkin kujerun mota. Suka yi aiki mai kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba, launi ya zo daidai, sun cike inda ya lotsa. Da mai shagon ya tambaye ni yadda za a yi da tsohuwar fatar, na ce ya watsar. Na mai da kujera, na zauna a kai ina jin kaina.

Juma'ar ƙarshe kafin Baba ya dawo, muna ɗakin Al-Oud, aka sako wani shiri da bai yi kama da waɗanda na saba gani ba. Wani tsoho ne da motarsa da ba a taɓa yi wa fenti ba, duk ta koɗe. Ina jiran a fara kankara, shiru. Sai mai ɗaukar hoto ya tsaya a kan kujerar direba, tsagaggiya, lotsattsiya, kamar an ɗauko wadda na cire. Tsohon yana shafa ta yana bayani. Abin da na fahimta shi ne, masu gyara sun sha ba shi shawarar ya sake ta, ya ƙi, domin komai na motar ana iya samo irinsa, amma ramin da jikin mai ita na farko ya yi a kujerar, in aka cire shi ya tafi ke nan. Har aka nuna cewa akwai masu son motoci da ba sa ko kallon wadda aka sake wa kaya.

“Me yake cewa?” dattijon ya tambaye ni.

“Surutu ne kawai,” na ce. Na tuna yadda Baba kan shiga garejin nan ya jima. Motar da ba ta tashi, me yake yi a ciki in ba zama a kujerar ba? Garin neman gira na je na tsokane ido. Ba korar ce ta fi tsorata ni ba, ko da yake iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take. Kunya ce. Mutum ya ba ni amanar abin da ya rage masa na mahaifinsa, na sa an watsar a shara. Kuma girman kai ya hana ni faɗa wa Badamagare, don na san zai shekara yana yi mini dariya.

Asabar da sassafe ina bakin shagon masu ɗinki kafin su buɗe. Baba zai sauka Lahadi. Da mai shagon ya zo na tambaye shi inda suke zubar da shara, ina shirin tonawa da hannuna. Ya ce wace shara? Ai tsohon nan da muka zo tare ya dawo washegari ya karɓi fatar, har da ɗan soson da ke manne da ita.

Na same shi a wurin aikinsa, rabinsa a ƙarƙashin wata mota. Na durƙusa na ce, “Malam, don Allah fatar nan.”

Ya turo kansa waje. “Yau kuma Malam na zama? Je ka buɗe but ɗin motar maigidanka.”

“Ka san darajarta ke nan tun farko, ka ƙyale ni?”

“Wace daraja? Ruɓaɓɓiyar fata ce, ko takalmi ba za ta yi ba.” Ya tashi zaune. “Maigidan da ya koya mini aiki a Zinder yakan ce, in ka canza ko da noti ne, sai ka ɗaure tsohon ka miƙa wa mai mota. Kayansa ne. Ya gani da idonsa ka canza, in ya so ya jefar da kansa. Bakaniken da ke ɓatar da tsohon kaya, gobe ɓarawo za a kira shi. Shekara arba'in ban taɓa watsar da kayan wani ba, ba zan fara don wani Bakano mai rawar kai ba.”

Na koma Malaz na buɗe but. Ga buhu ɗaure da igiya. A ciki akwai tsofaffin fulogai, robobi, bel, har da wasu 'yan wayoyi da suka ƙone, a sama kuma fatar, an naɗe ta da kyau. Na zauna a ƙasan garejin ina dariya ni kaɗai. Wato abin da Turawan talabijin suka yi shiri guda suna bayani, wannan tsohon bai ma yarda da shi ba, amma shi ya aikata. Sai dai an farke fatar ta bakin ɗinki, ba yadda za a yi a mayar kafin gobe.

Ran Lahadi na ɗauko Baba daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Muna isa, ko ciki bai shiga ba, ya dogara sanda ya nufi gareji. Na tayar da motar. Ya tsaya yana saurare, fuskarsa ta washe, yana ta masha Allah. Sannan na fito, ya matso zai zauna, ya ga kujerar. Murmushin ya ɗauke. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai ɗora hannu a kan sabuwar fatar ya janye.

“Baba, ni ne,” na ce. “Ba wanda ya sa ni. Na ɗauka gyara nake yi.” Na kawo buhun na kwance a gabansa.

Ya ɗauki fatar da hannu biyu ya kai hancinsa. Ya jima a haka. Sannan ya nuna mini gefen da ya lotsa, ya ce mahaifinsa na da ciwon ƙugu, a karkace yake tuƙi. Ya bi karcen nan da yatsa, ya ce shi ya yi shi da ƙusa yana ƙarami, ya yi ta jiran duka, mahaifin ya gani bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu.

“A mayar da ita,” ya ce. “Ko ɗinkin zai fito, ma fi mushkila, ba komai. A cire abin da suka cusa a ramin.” Ya naɗe fatar ya rungume. Har ya juya zai tafi sai ya ce, “Kai mahaifinka ya yi mota?”

Na ce ya yi. Akori-kura ce, da ita yake kai kaya kasuwannin ƙauye har ƙarfinsa ya ƙare.

“Tana ina?”

Bayan rasuwarsa ta yi shekara biyu a ƙofar gidanmu, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ni da kaina na kirawo 'yan gwangwan suka yayyanka ta suka loda a kura, ina tsaye ina jin na yi abin kai, na share ƙofar gida. Innata tana leƙowa ta zaure, ni kuma ban tambaye ta komai ba. Ko madubi ban ajiye ba.

Da la'asar na kira gida. Bayan mun gaisa na ce, “Inna, makullin akori-kurar babanmu fa? Ko shi ma sun tafi da shi?”

Sai na ji motsinta, na ji ta buɗe murfin kwalla, tana ture kwanuka. Daga nan ta kaɗa wani abu a bakin wayar. Makullin ne, da ɗan ƙaramin abin yankan ƙumba da ke rataye da shi. Da wannan ƙarar muke sanin mahaifinmu ya shigo zaure, mu ruga mu karɓi ledar tsaraba.

“Shekara tara,” in ji ta. “Na ɗauka ba za ka taɓa tambaya ba.”

Na ce ta sake kaɗawa. Ta sake.