Ranar da Bappayo Ya Manta Jakarsa

A Ƙofar Gabas ba fuskar Malam Bappayo ake kallo ba, kafaɗarsa ake kallo. Shekara talatin da ɗoriya shi ne ƙafar unguwa. In an haihu ko an sa ranar aure, shi ake ba goron gayyata ya bi gida-gida. In an yi rashi, shi ne dai mai kai labari. Ranar murna yana rataye da tsohuwar jakarsa ta fata, ranar mutuwa kuwa hannu rabbana yake zuwa. Har tsofaffi kan ce in ka hango Bappayo ba jaka, fara salati kafin ya ƙaraso.

Yanzu gwiwa ta gaji, aikin ma ya ja baya. Mutum yana kishingiɗe zai gayyaci dangi kaf da ɗan yatsa, ko kunya babu. Sai abin da ya gagari waya ake tuna Bappayo.

Irin wannan ne ya sa Alhaji Adam ya kira shi ran nan da safe. An yi masa jika mace, jibi suna. Bayan ya cika masa jaka, sai ya miƙo wani ƙunshi daban, farin goro biyar a ganye.

"Bappa, wannan na yayata Adda Baturiya ne. Shekara uku ba ta tako gidan nan ba, tun da na rushe zauren Baba na yi shago. Waya ba ta ɗagawa. Ka ce mata sunanta za a sa wa yarinyar. In daga hannunka ne, ba za ta mayar ba."

Bappayo ya sa ƙunshin a aljihun gaba. Kafin hantsi ya gama da tsohon gari, inda kowane lungu ya san takunsa, sannan ya nufi sabuwar unguwar da Hajiya Baturiya ta koma, can ta hanyar Misau. Kwatancen da aka yi masa shi ne koren get kusa da tankin ruwa.

Wanda ya yi kwatancen nan Allah ya yafe masa. Koren get ya fi goma, tanki kuwa kowane gida da nasa a sama. Ba zaure, ba dakali, ba ko bishiyar da mutum zai ja numfashi. Katanga ce ke bin katanga, an dasa mata fasassun kwalabe. Ya yi sallama ƙarfe ya dawo masa da ita. Wani gidan kare ne ya amsa. A wani kuma mace ce ta ce daga ciki, "Baba, a yi haƙuri, Allah ya ba da." Wannan ta yi masa ciwo ƙwarai. Shi da ya yi shekara talatin yana bayarwa, yau shi ake ba haƙuri!

Azahar ta riske shi a wani masallaci da ba a gama fulasta ba. Ya rataye jaka a ƙusa, ya yi alwala, ya yi salla, ya ɗan miƙe ƙafa, sai gyangyaɗi ya sace shi. Da ya farka ya zura takalmi ya ci gaba. Jakar dama ta zama wayam, kafaɗa ba ta ji an rage mata komai ba.

Dab da la'asar ya ji wata murya a bayan katanga tana yi wa awaki faɗa, sak muryar marigayiya uwarsu Adam. Ya ƙwanƙwasa. Get ɗin ma shuɗi ne.

Hajiya Baturiya ta buɗe. Ta dubi kafaɗarsa ta dama, ta dubi ta hagu. Kwanon dusar da ke hannunta ya suɓuce.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Adam ne ko? Bappa, kar ka ɓoye min, Adam ne?" Ta zube a bakin ƙofa. "Ya tafi ban ce masa na yafe ba! A kan zaure, a kan jar ƙasa!"

Bappayo ya shafa kafaɗarsa, sai a lokacin ya gane. Ya yi maza ya zaro ƙunshin daga aljihu.

"Hajiya, tashi. Ƙaninki lafiyarsa lau, da safe ma tare muka sha koko. Goron suna ne. Takwara aka yi miki."

Ta daɗe tana kallon ganyen, hawaye na zuba.

"Bappa, ka kashe min ɗan'uwa, ka kuma tashe shi. Yaushe ne sunan?"

"Jibi."

"Wa ya ba ni tabbacin ganin jibi?"

Ta shige ciki ta fito da mayafi a karkace, ta bi layi tana ƙwala wa mai keke kira ya kai ta gidan Adam. Ko ruwa ba ta ba shi ba, kuma bai ga laifinta ba.

Ya zauna a kan wani bulo a gindin katanga, ya cire takalmi yana matsa gwiwa. Goron yana hannunsa, ta manta ba ta karɓa ba. Ga tafiyar gida a gabansa, kuma kafin nan sai ya nemo masallacin da ya bar jakarsa, don ba zai shiga Ƙofar Gabas haka ba ya tayar wa mutane hankali.