Wayar da Baba ya ƙera

Babanmu maƙeri ne a Batsari, kuma mutum ne mai taurin kai, ni ma a wurinsa na gada. Dokarsa ɗaya ce a maƙera, abin da ya fita daga hannunsa ba ya karyewa. In manomi ya dawo da garma ta tsage, Baba ba ya musu. Zai sake ƙera ta, ya ƙara mata kauri, ya yini yana fushi da kansa. Daga Wagini har Yasore ana kawo masa aiki saboda wannan hali.

Aboki ɗaya gare shi a duniya, wani mai sayen gyaɗa da muke kira Baffa. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, a bukka ɗaya suka yi jinya. Kullum bayan la'asar Baffa zai zo bakin maƙera ya zauna, ya ce wa Baba baƙin gawayi, Baba ya ce masa mai cusa yatsa cikin mudu, su raba goro. Ban taɓa ganin haƙoran Baba a waje ba sai in Baffa na kusa.

Can ƙarshen zamanin Turawa, lokacin na zo gida wankan jegon ɗana na fari, Baffa ya sayo ƙaramin injin wuta daga Katsina. Makanike ya biyo shi ya ja waya ƙarƙashin azara, ya rataya ƙwayayen lantarki a shagon Baffa da zaurensa, ya jona rediyo. Garin duk ya tafi kallo. To Baffa mutum ne mai son a yaba, sai ya shiga ƙari. Yau ƙwai a ƙofar masallaci, gobe a ɗakin ajiyar gyaɗa, jibi fanka. Daga nan wutar ta fara ɗaukewa. A jikin bango akwai wani ɗan tangaran da ake zarowa, cikinsa da wata waya siririya kamar gashin wutsiyar jaki, ita makanike ya ce ana kira fis. Ita ce ke tsinkewa. Ya bar masa ragowa a takarda, Baffa ya yi ta sawa tana tsinkewa har ta ƙare, ga makanike sai an yi sa'ar mota yake zuwa.

Ina tsakar gida na ji su. Baffa ya kawo guntun wayar, Baba ya ɗora a tafinsa ya yi tsaki. Ya ce wannan ai cuta ce, Bature ya sayar maka da inji mai nauyin bijimi, ya ɗaure shi da zaren gizo don ka yi ta komawa saye. Ya karɓi tsohuwar munduwar jan ƙarfe ta Inna, ya sa a wuta, ya buge ta ya ja ta har ta yi kaurin tsinken tsintsiya. Aiki mai kyau, wallahi. Da hannunsa ya je ya ɗaura ta cikin tangaran.

"In ta tsinke ka zo ka karya mini uwar maƙera," in ji shi.

Ba ta tsinke ba. Baffa ya bi kasuwa yana faɗa wa kowa abokinsa ya fi Bature. Baba kuwa sai sunkuyar da kai yake yana murmushi, mu ma a gida muna ta jin daɗi.

Ranar wata kasuwa da azahar, injin na aiki ana jin rediyo, hayaƙi ya tashi daga ɗakin gyaɗa. Kafin a ɗebo ruwa wuta ta cinye ɗakin da shagon da rabin zaure. Allah ya tsare, babu rai ko ɗaya. Baba ne kan gaba wurin kashewa, har gemunsa ya babbake.

Da makanike ya zo ya tono tangaran cikin toka, wayar Baba na nan lafiya lau. Bai san wa ya yi ta ba, ya yi bayani a gaban jama'a. Ya ce da gangan ake yin fis siriri, daidai ƙarfin wayoyin da ke cikin gida, don in kaya ya yi musu yawa shi ya tsinke kafin su yi zafi. Mai son babba sai ya fara sauya wayoyin duka da masu kauri, ko ya rage kaya. Baba na tsaye ya ji komai, ya juya ya taho gida.

Baffa bai taɓa ɗora masa laifi ba. Ya ce ƙaddara ce, kuma shi ya kai kansa. Washegari da la'asar ya zo bakin maƙera da goronsa, ya tarar an rufe. Ya zo, ya sake zuwa. Kafin kaka Baba ya kwashe mu, har da ni da ban koma ɗakin mijina ba tukuna, ya koma Safana wurin dangin Inna, wai ƙarfe ya fi araha a can. Ƙarya ce, kowa ya sani.

Da bazara Baffa ya biyo mu a kan jaki, ya rame, ya tsufa. Baba na hango shi ya shige ɗaki, ya ce in ce ba ya nan. Na ce ni dai ba zan yi wa Baffa ƙarya ba. Na fita na durƙusa na gaishe shi, na ce yana ciki, kunya ce ta hana shi fitowa. Baffa ya zauna a zaure, ya ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki. Ya ba da labarin gari, wa ya haihu, wa ya rasu, ya yi tsokanarsa ta kullum, ya tsaya jiran amsa. Baba bai fito ba. Na shiga na yi wa Baba magana mai zafi, irin wadda 'ya ba ta yi wa uba, bai ko ɗago ba. Da rana ta yi sanyi Baffa ya hau jakinsa ya tafi. Har yau in na tuna bayansa a kan jakin nan sai zuciyata ta yi ƙuna.

Kafin ruwa ya zauna aka aiko Baffa ya rasu. Baba na zaune kan buzu aka faɗa masa. Ya juyo ya dube ni.

"Da ya zage ni ko sau ɗaya," ya ce, "da na fito."