Tambayar da Yaya Rakiya ba ta iya amsawa

Shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar yayata Rakiya a Landan, garin da kullum take cewa Allah ya kiyashe ta da a binne ta a cikinsa. A nan ɗin aka binne ta.

Abin da ya riƙe ta ɗanta ne, Bashir. Da naƙasar ƙwaƙwalwa aka haife shi, ya zama ƙato amma tunaninsa na yaro. A ƙarshen shekarun 1980 ya fasa taga a cibiyar da yake wuni, sai aka kai shi wani gidan kulawa mai ƙofa a kulle, can bayan unguwar Woolwich. Aka ce na ɗan lokaci ne. Maigidanta ya gama aiki ya koma Kano, ita ta ce sai an sallami yaron.

Duk shekara ana zaman duba halinsa da wata takardar tambayoyi: yana duka, yana cizon kansa, yana faɗuwa ƙasa? Ma'aikata su cika tasu, uwa ta amsa tata, a gwada. Ma'aikatan kuwa har durƙuson da yake yi ya gaida babba suna sawa a layin faɗuwa ƙasa. Uwa ce kaɗai za ta iya warware wannan, ga shi Bashir ɗan fari ne. Yaya ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta zauna gaban baƙi tana yabonsa. Ni ce tafinta. Aka tambaye ta ko tana so ya dawo gida, ta sunkuyar da kai ta ce, “Duk yadda suka gani.”

Na ce, “Haba Yaya! Ki ce kina so mana.”

Ta ce, “Ke dai faɗa musu abin da na ce.”

Da na fara ƙara nawa bayanin, aka tuna mini cewa aikin tafinta fassara ne kawai. Suka rubuta cewa uwar ba ta damu ba. Matar da ke hawa bas biyu duk Lahadi da kular tuwo a cinya! In mun isa, ni take miƙa wa ta ce, “Ba shi,” ta koma bayana tana satar kallonsa. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mutum ɗaya ce ta gane, wata nas 'yar Sin, Sista Lam. Lokacin tana mayar da takardar nan zuwa harshensu, tana bin iyalan 'yan Sin na Landan masu irin waɗannan yara tana gwadawa ko amsar gida za ta dace da ta ma'aikata. Ta ce mini fassarar ba ta ba ta wuya ba. Iyayensu mata komai sai su ce lafiya lau, don gudun abin kunya, sai da ta koma tambayar kakanni da 'yan'uwa sannan gaskiya ta fito. Ta roƙi shugaban gidan a tambaye ni. Ya ce doka uwa ta sani.

Haka muka yi ta yi shekara tara. Yaya ba ta iya tafiya ta bar shi, ba ta iya buɗe baki ta karɓe shi, shi kuma yana bayan ƙofa.

Kwanan baya 'yata, wadda ita ma nas ce, ta ce mini yanzu mutanen Sin suna da irin wannan ma'auni na tambayoyi da harshensu, an gwada an tabbatar da ingancinsa. Na yi musu murna. Na kuma tambayi kaina me Yaya za ta ce in aka kawo mata shi da Hausa. Na san ta. Za ta saurara har ƙarshe, ta tura mini.

Da ta rasu, ni na zama makusanciyarsa a wurin hukuma. A zaman farko suka tambaye ni, na amsa, bayan wata huɗu aka ba ni shi. Abin da ya hana ni barci ke nan shekaru: sai da ta mutu ƙofar ta buɗe.

Bashir yana wurina a unguwar Barking, furfura ta gama masa kai. Har yau ba ya karɓar abinci sai daga hannuna, kuma kafin ya sa hannu sai ya leƙa bayana. Allah ya jiƙan Yaya. Shi dai ya san daga wurin wa tuwon yake fitowa.